Katakon Yabo, Kuɗi Hannu

Ranar wata Talata da la'asar sakaliya wayata ta yi ƙara. Wani saurayi ne mai murya irin ta masu karanta labarai. Ya jera mini "ranka ya daɗe" har sau uku, gaisuwar da rabona da ita tun ranar ɗaurin aurena. Ya ce albishirinka, na ce goro. Ya ce kwamitin ƙungiyarsu ya zauna, ya duba Arewa kaf daga Sakkwato har Yola, bai ga wanda ya cancanci lambar yabonsu ta bana ba sai ni. Daga nan ya karanto sunan lambar da Turanci, dogo kamar layin gidan mai. Akwai "icon" a ciki, akwai "excellence", akwai "leadership", an saka Afirka a tsakiya, an ɗaura "humanitarian" a wutsiya.

Na ce, "Samari, wanne ka karanta cikin rubuce-rubucena?"

Ya ɗan yi jim. Ya ce, "Dukkansu, ranka ya daɗe."

To, madalla. Sai muka gangaro kan abin da ya sa aka kira ni. Akwai 'yar gudummawar shirya taro, naira dubu 350. Idan ina son teburin gaba, kusa da babban baƙo, dubu 500 ne. Idan kuma ina sha'awar a haɗa mini da digirin girmamawa daga wata jami'a da ke wata ƙasa maƙwabciya, wannan sai mun zauna. Na tambaye shi ko ana ragi. Wallahi bai gane gatse nake yi ba. Ya ce zai yi magana da shugaba.

Na kashe wayar raina a ɓace, kuma yaron ba shi ne ya ɓata mini rai ba. Shi kasuwa ya gani ya baza hajarsa. Haushina yana kan masu saye, domin da babu su da tuni ya koma sayar da katin waya. Ku shiga ofishin duk wani mai ɗan muƙami a ƙasar nan, daga shugaban ƙaramar hukuma zuwa sakataren ƙungiyar 'yan kasuwa, ku ɗaga kai ku dubi bango. Katako ne jere reras, wani da gilashi, wani da ruwan zinariya na ƙarya, kowanne da Turancin da mai ofishin kansa ba zai iya fassara maka shi ba ko da za ka ba shi kwana uku. Ƙasan tagar ofishin kuwa kwata ce ta toshe tun damina biyu da suka wuce. Mai lambar "excellence" yana tsallake ta kullum da safe, yana tattare babbar riga.

Kalmar ma mun riga mun ba ta ɗaki a gidanmu. "An ba shi awad." "Za mu je karɓar awad." Muna da lambar yabo, muna da kambu, muna da tukuici, muna da kyauta, kakanninmu da suka yi soja ma sun bar mana minda, amma duk waɗannan sun yi mana ƙauyanci. Sai an ce awad kafin a ɗinka sabuwar shadda a kira mai hoto.

Tunda abin ya zama haka, bari mu buɗe cikin kalmomin nan da muke durƙusa musu mu ga me suka haɗiya.

Ita "award" ɗin, asalinta hukunci ne, irin wanda alƙali ko mai sulhu yake yankewa bayan ya duba magana ya auna ta. Wato sai an bincika kafin a bayar. Mu kuwa mun jefar da binciken mun riƙe katakon. "Medal" ta samo asali daga sunan wani ɗan ƙaramin kwabo marar daraja a ƙasar Italiya. "Laureate", da ake liƙa wa waɗanda suka ci kyautar Nobel, daga sunan ganye take, wanda Girkawan dā suke naɗawa a kan wanda ya yi nasara a wasa ko waƙa. Ganyen nan kuwa matanmu sun san shi sarai, shi ne busasshen nan mai ƙamshi da ake jefawa cikin dafa-duka a tsame a yar kafin a zuba a faranti. "Icon" hoto ne, musamman zanen waliyyai da ake ratayewa a cocin Girkawa da Rashawa ana sumbata. Alhajin da ba zai yarda a rataye hoton mahaifinsa a zaure ba, shi ne ya biya dubu ɗari biyar a rubuta masa cewa shi kansa hoton coci ne.

Wadda ta fi ba ni dariya mai ciwo ita ce "doctor". A Latin, ma'anarta mai koyarwa. Malam ke nan, ba ƙari ba ragi. Amma yau ka kuskura ka kira wani Malam alhali ya sayo Dakta, sai ya daina amsa gaisuwarka. Na taɓa zama a wani taro inda aka tsayar da mai gabatarwa ana tsakiyar jawabi, aka miƙa masa 'yar takarda, ya dawo ya ba da haƙuri don ya manta bai ce "Dakta" ba kafin sunan wani babban baƙo da kowa a zauren ya san ko sakandare bai ƙarasa ba. Mutumin da ya girgiza Arewa da siyasar talakawa, wanda ya yi karatu a Landan, wanda filin jirgin saman Kano ke ɗauke da sunansa, har ya koma ga Mahaliccinsa a 1983 Malam Aminu ake ce masa. Bai rage shi da komai ba.

Sai "Sir", wadda bakinmu ya mayar Sa, kamar na turke. Wanda Sarkin Ingila ya ba wannan laƙabi sunansa "knight", kuma a tsohon Ingilishi kalmar tana nufin yaro, bara, ɗan aike. Yadda ake naɗin shi ne mutum ya durƙusa da gwiwa gaban mai sarauta, a dafa masa takobi a kafaɗu. Bikin nan shi ake kira "accolade", daga kalmar wuya, domin a dā rungumar wuyan mutum ake yi. Mafi girman waɗannan lambobi a Ingila, wadda Sarki Edward na Uku ya kafa a 1348, sunanta "Garter", wato maɗaurin safa, kuma har yau a ƙasan gwiwar hagu maza suke ɗaura ta. Akwai wata da aka kafa a 1725 mai suna "Bath", wato wanka, saboda wankan tsarki da ake yi wa mutum kafin a naɗa shi. Ba ina yi musu dariya ba ne. Kowace al'umma da abin da take girmamawa, mu ma muna da sarautar Sarkin Zagi da ta Shamaki, kuma Bature zai iya yin murmushi idan aka fassara masa su. Bambancin shi ne su sun san tarihin maɗaurin safarsu. Mu mun ɗauko sautin ne kawai, kamar aku.

Akwai kuma kalmar da ba ta da ban dariya ko kaɗan, ita ce "trophy", wadda muke fassarawa da kofi. A wurin Girkawa, idan aka ci abokan gaba da yaƙi, sai a tattara garkuwoyinsu da kwalkwalinsu a rataye a kututturen itace daidai inda suka juya da baya. Sunan wannan abin ke nan. Ganima ce da aka kafa don a tuna wa wanda aka kayar cewa an kayar da shi. Mu kuwa ya kamata mu fi kowa sanin haka, domin an yi da mu. A 1903 Kano ta faɗi a watan Fabrairu, Sakkwato a watan Maris, sannan a watan Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi tare da ɗimbin jama'arsa. Tutarsa ta zama ganima a hannun sojan Turawa, ba a mayar da ita Sakkwato ba sai a 1960. Sojojin da suka yi wannan aiki an ba su minda, an maƙala mata ɗan ƙarfe mai ɗauke da sunan Arewacin Najeriya da shekarar 1903. Waɗanda suka shafe garin Satiru daga doron ƙasa su ma an ba su tasu, mai 1906.

A Kwatarkwashi, cikin Zamfara ta yau, dawakin Kano ƙarƙashin Waziri Ahmadu sun yi karo da wata 'yar rundunar Turawa a ƙarshen Fabrairun 1903. Hafsan da ya jagoranci Turawan, Laftanar Wallace Wright, an ba shi Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a Ingila. Waziri ya faɗi a wurin. Ba wanda ya buga masa ƙarfe, ba wanda ya sassaƙa masa katako. Kanawa suka ƙara masa kalma biyu a bayan suna, Mai Shahada, kuma yau fiye da shekara 120 ke nan ba ta goge ba. Ku tambayi mutum ɗari a Kurmi wane ne Wright.

Na san abin da za a ce mini. Ai Sardauna ma Sa ne, Tafawa Ɓalewa ma Sa ne, Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Kashim Ibrahim duk sun karɓa. Gaskiya ne. An ba Ahmadu Bello KBE a 1959, aka ba Abubakar Tafawa Ɓalewa a farkon 1960, kuma haruffa biyun ƙarshe na lambar nan suna nufin daular Birtaniya, wadda Sarki George na Biyar ya kafa wa wannan lamba a 1917. Zamaninsu ne, siyasar lokacin ce, ba zan zauna a inuwar jami'ar da Sardauna ya gina in zage shi a kan haruffa uku ba. Amma ku lura da abu ɗaya. Tsohuwar da ke ƙauyen Rabah, mahaifar Sardauna, ba ta san KBE ba. Gamji ta sani. Abin da ya rage na mutanen nan a bakin jama'a shi ne makarantu, da Bankin Arewa, da labarin cewa sun mutu ba su bar dukiyar a zo a gani ba. Masu kwaikwayonsu na yau sun ɗauki haruffan sun bar aikin, kamar wanda ya je walima ya kwaso ƙashi ya bar nama.

Su kansu waɗanda aka yi abin dominsu ba duka suke rawar jiki a kansa ba. Rabindranath Tagore na Indiya ya mayar wa Turawa da "Sir" ɗinsu a 1919, bayan sojansu sun buɗe wa taron jama'a wuta a Amritsar. John Lennon, mawaƙin Ingila, ya mayar da MBE ɗinsa fadar Sarauniya a 1969, kuma cikin dalilan da ya bayar har da hannun da ƙasarsa ta saka a yaƙin basasar Najeriya. Marubuci Benjamin Zephaniah ya ƙi karɓar OBE a 2003 saboda kalmar daula da ke cikinta, wadda ta tuna masa da bautar da kakanninsa. A 2020 Gwamna Janar na Jamaika ya daina rataya lambar Saint Michael da Saint George, irin wadda aka ba Gwamna Lugga na mulkin mallaka, bayan mutane sun lura da zanen da ke jikinta: farin mala'ika ya taka wuyan Shaiɗan, Shaiɗan ɗin kuma baƙi. Shekara da shekaru manyan Afirka suna rataya wannan zane a ƙirji suna murmushi gaban mai hoto.

To mun sami 'yanci, sai muka yi me? A 1964 aka yi dokar lambobin girma ta ƙasa. Aka kafa gida biyu, na Tarayya da na Neja, kowanne da hawa huɗu, aka kwafo tsanin Ingila daram: babban kwamanda, kwamanda, hafsa, mamba. GCFR, GCON, CFR, CON, OFR, OON, MFR, MON. Ƙasa mai harsuna ɗaruruwa ba ta iya samo kalma ɗaya tata ta kira gwarzonta da ita ba. Indiya ta kira nata Bharat Ratna da Padma Shri tun 1954, kuma a can ba a yarda ka jingina lambar a gaban sunanka ko bayansa ba. Afirka ta Kudu, bayan faɗuwar mulkin wariya, ta zubar da tsofaffin ta kafa sababbi da sunan Mapungubwe, da Luthuli, da itacen kuka. Itacen kuka fa, wanda muke da shi a kowace ƙofar gari. 'Yan'uwanmu na Nijar su ma ba su tsira ba, nasu tsanin na Faransa ne, daga "chevalier" zuwa sama.

Da a ce sunan ne kawai matsalar, da na haƙura. Rabon shi ne abin takaici. Manyan lambobin an riga an ɗaure su a ƙafar kujera. Ka zama shugaban ƙasa, GCFR na jiranka. Ka zama mataimaki, ko shugaban majalisar dattawa, ko alƙalin alƙalai, ga GCON. Ba a tambayar me ka yi, ana tambayar ina ka zauna. Ku tuna abin da ya faru a watan Oktoban 2024. An sanar da CFR ga kakakin majalisar wakilai, aka ba shugaban dattawa GCON. Sai majalisar wakilai ta tashi tsaye, aka yi ta muhawara da kumfar baki cewa an raina ta, har aka kafa kwamiti. Cikin 'yan kwanaki fadar shugaban ƙasa ta gyara, aka ɗaga kakakin zuwa GCON. Mako uku kafin wannan, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle ta cinye rabin Maiduguri, mutane suna kwance a makarantu da sansanoni ba su san inda za su sa kansu ba. Ban taɓa ganin an biya wa talaka buƙata da saurin da aka biya wannan ba.

Ku ajiye wannan a gefe, ku ɗauko Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi. A watan Yunin 2018, da maharan suka shigo, dattijon nan ya buɗe masallacinsa da gidansa ya ɓoye Kiristoci fiye da 200, ya tsaya a ƙofa ya ce sai dai a fara da shi. Amurka ta kira shi ta karrama shi a 2019. Da ƙasarsa ta tashi ba shi, a 2022, sai ta ba shi MON, matakalar ƙasa ta tsanin. Wanda ya sa wuyansa a bakin bindiga don ran mutum ɗari biyu yana ƙasa, wanda ya iya buga guduma a tebur yana sama. Wane irin ma'auni ne wannan? Shi ya sa ban ga laifin Chinua Achebe ba da ya ƙi karɓar CFR har sau biyu, a 2004 da 2011, ko Gani Fawehinmi da ya mayar musu da OFR a 2008. Kuma don a cika mana ciwo, da aka yi bikin cika shekara 100 da haɗe Najeriya a 2014, cikin waɗanda gwamnatinmu ta karrama har da Lugga da matarsa. Jikokin mutanen Burmi suna kallo a talabijin.

Idan ruwa ya gurɓace daga sama, na ƙasa ba ya tsira. Da 'yan kasuwa suka ga gwamnati da kanta ta mayar da girma kayan rabo, sai suka buɗe shaguna. Ƙungiyar ɗalibai ta bogi, mujallar da ba ta fita sai ranar ba da lamba, majalisar matasan Afirka da ba ta da ofis sai jakar hannu, duk suna naɗa jakadun zaman lafiya. Na san unguwar da ke da ambasada huɗu, kuma biyu daga cikinsu ba sa ga-maciji. A Accra, a 2020, wani mutum da aka yi wa laƙabi da Dakta UN ya tara fitattun mawaƙa da ma'aikatan rediyo da talabijin a babban otal, ya raba musu lambobi da sunan Majalisar Ɗinkin Duniya da Kofi Annan. Suka sha ado, suka yi jawabin godiya, suka watsa hotuna. Daga baya Majalisar ta ce ba ta san da shi ba. Kada mu yi wa Ghana dariya. A watan Maris na 2018 an shiga har fadar shugaban Najeriya aka miƙa lamba da aka danganta da iyalan Martin Luther King, aka yi ta shela, sai cibiyar King da ke Amurka ta fito ta ce ba daga gare ta ba ne. Idan za a iya yi wa fadar shugaban ƙasa haka, ina ga kansila?

Jami'o'i ma, da ya kamata su zama masu tsaron ƙofa, sun daɗe da jingine sandar. Shugabanninsu sun taru a Keffi a 2012 suka yi alkawarin daina ba masu riƙe da muƙamin siyasa digirin girmamawa. Ku duba hotunan bukukuwan yaye ɗalibai na shekarun da suka biyo baya ku ƙirga gwamnoni cikin jar hula mai tuntu. Lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988, jami'ar ce ta ƙaru da shi. Shata ya riga ya zama Shata shekara arba'in kafin nan, kalangu ya riga ya kai sunansa inda takardar jami'a ba ta taɓa zuwa ba. Yanzu kuwa ana ba mutum Dakta ne don a sa shi ya zama wani, kuma a gina wa jami'a ɗakin taro.

Me ya sa sai da Turanci? Na daɗe ina juya wannan tambaya, kuma amsar da na samu ba ta da daɗi. Turancin labule ne. Da a ce yaron nan da ya kira ni ya ce za su naɗa ni "Gwanin Taimakon Bayin Allah na Afirka Duka", da maƙwabcina ya fashe da dariya, domin ya san ranar da ya zo rancen dubu biyar na ce masa ba ni da canji. Hausa tana tona asiri. Kowa ya san nauyin kalmar, kowa zai iya ɗora ta a sikeli da kai ya ga wanda ya rinjaya. Amma idan aka ce "humanitarian icon", sai kowa ya yi shiru, kada a ce bai yi boko ba.

Ku dubi yadda kalmomin girma namu suke da ƙaya a jiki. A tsangaya, yaro yana farawa daga kolo, ya zama titibiri, ya zama gardi. Kafin a ce masa alaramma sai ya haddace Alƙur'ani ya kuma rubuta shi da ka. Kafin a ce gwani, sai gwanaye sun zauna sun bi rubutunsa wasali bayan wasali, ɗigo bayan ɗigo, suna neman inda ya zame. Gangaran kuwa a gari guda ma ba lalle a samu ba. Ba a taɓa jin attajiri ya aika da awalaja an ce masa gangaran ba, domin ranar da aka zaunar da shi aka ce ja baƙi, kashinsa ya bushe. Sarkin noma na asali, a ƙasar Katsina da Gobir da Maraɗi, sai ya noma dami dubu, an ƙirga a bainar jama'a, sannan ya buɗe rumbu ya ciyar da gari. Ɗan dambe ba ya ɗaura kambun banza, domin gobe akwai fili, kuma ƙasa ba ta karɓar cin hanci. Takobin kokawar Nijar, tun da aka fara a 1975, ba a taɓa aika wa kowa shi a ambulan ba, sai ka kayar da ƙato gaban dubban mutane. Gasar karatun Alƙur'ani da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta fara a 1986 tana naɗa gwarzon shekara da gwarzuwa, kuma kowa yana jin karatun da kunnensa, har kurakuran da alƙalai suka danna wa ƙararrawa.

Ko a Argungu, da wani ya yi wayo a 2008 ya shigo da mataccen kifi daga wani wuri ya ci gasar, an gano shi an ƙwace kyautar. An gano shi ne saboda akwai kifi, akwai abin da za a buɗe a duba a shinshina. A cikin "leadership excellence" me za ka shinshina?

Kada a ɗauka na wanke namu tas. Cutar ta tsallaka gida. Rawani ma ya shiga kasuwa. Ana ƙirƙiro sarautun da ba su da tarihi, ba su da aiki, ba su da ko bafade ɗaya, a naɗa wa ɗan kwangila ranar Asabar, ranar Litinin ya buga sabon kati: Alhaji, Dakta, Ambasada, sunansa, sarautarsa, sannan haruffa uku a baya kamar lambar mota. Wasu fadojin sun koyi darasin otal-otal ɗin Abuja da kyau. Maroƙa ma a dā suna da iyaka, domin maroƙi ya san idan ya kira rowa kyauta kasuwa za ta yi masa ihu. Abin da awad ta koya mana shi ne ana iya yin roƙo ba kalangu, ba kunya, da rasit.

Mu 'yan jarida kuwa mu ne 'yan kanzagi. Mu ne muke buga shafi guda na taya murna, mu ne muke rubuta "ya samu lambar yabo ta duniya" ba tare da mun tambayi wace duniya ba. Gidajen jaridu da kansu suna da nasu bikin na gwarzon gwamnan shekara, kuma abin mamaki, gwarzon yakan zama wanda jiharsa ta fi sayen talla. Na taɓa rubuta irin wannan labari da hannuna ina ƙaramin ma'aikaci, an ba ni kuɗin mota a ambulan, na karɓa. Ban manta ba, kuma ba na yafe wa kaina.

Kawuna ya koyar a firamare shekara 35. Rabin ma'aikatan ƙaramar hukumarmu shi ya koya musu baƙi da wasali, har da waɗanda yanzu fayil ɗinsa yake kwance a teburinsu. Ranar da ya ajiye aiki aka yi masa taro a harabar makaranta, aka kafa rumfa, aka yi jawabai, aka miƙa masa katako mai sheƙi da aka rubuta "meritorious service" a jiki, an ma yi kuskure a rubutun sunansa. Kuɗin sallamarsa kuwa shekara ta huɗu ke nan ana ce masa ya dawo wata mai zuwa. Yana zuwa, a kan tsohon kekensa, ya zauna a benci gaban ofishin wani ɗalibinsa da bangonsa ke cike da awad.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je gaishe shi. Na duba bangon zaure ban ga katakon ba. Na ce, "Kawu, ina lambar taka?"

Ya ce, "Shiga ciki ka tambayi gwaggonka."

Na same ta a bakin murhu, ta kifa shi a kan cinya, tana yanka kuɓewa a bayansa. Ta ce katakon kirki ne, ba ya cin wuƙa. Ina nan tsaye wayata ta yi ƙara. Yaron nan ne. Ya ce ranka ya daɗe, ya yi magana da shugaba, an amince in kawo dubu 200.